Ba a Juya Kifi a Gidan Kawu Risto

Bari in fara da faɗin aibina tun kafin wani ya riga ni. Shekarata hamsin da ɗaya, furfura ta gama da gemuna ta koma gira, amma har yau in waya ta yi ƙara na ga sunan yayata Lenche, sai na miƙe tsaye kafin in ɗauka. Dada muke ce mata, kamar yadda ake kiran babbar ya a wajenmu. Ita ta goya ni, kuma a ganinta har yanzu ba ta kwance zanin ba.

Sunana Pande. Gyaran lif nake yi, na'urar nan mai hawa da sauka da mutane a dogon bene, a Skopiye babban birninmu, ina zaune a hawa na tara, daga ni sai wata tukunyar fure da ta bushe tun bara na rasa ranar zubarwa. Na taɓa yin aure. Matar ta tafi Jamus aikin jinya na wata shida, bana shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba na riƙe ta a zuciya, jinyar ce ƙila ta yi tsawo.

Amma asalina ɗan Ohrid ne, garin bakin tafki, unguwar masunta, can ƙasan dutsen da ƙaramin cocin nan ke zaune a kai yana leƙen ruwa. Ubana masunci, kakana masunci. Ni kuwa tun ina cikin zanin goyo ƙarnin kifi ke juya min ciki. Ina cika sha tara na haɗa jakata na gudu, kuma tun daga nan jana'iza kaɗai ke kawo ni. In na ce wa mutum daga Ohrid nake, sai ya lumshe ido ya ce, ai aljannar duniya. Shi kwana uku ya yi, ya ɗauki hoto ya tafi. Bai taɓa lulluɓa da bargon da ya kwana kusa da taru ba.

Ranar Laraba ina cikin ramin lif, hannu duk baƙin mai, saƙon Dada ya shigo.

"Asabar, sha ɗaya na safe. Gidan Kawu Risto. 'Yarsa Nevena. Ka sa kwat ɗin toka, ba mai ruwan ƙasan nan ba."

Na rubuta, "Dada, ina da aiki."

"Lif ba ya lalacewa ranar Asabar."

"Ranar ma ya fi lalacewa."

"To su hau da ƙafa, zai yi musu amfani. Ka rage gashin hancinka."

Sai ta biyo da hoto. Jama'a, a nan zan yi muku gaskiya. Na yi niyyar gogewa, amma ban goge ba. Mace ce tsaye a bakin ƙofa, ba murmushi, ba kwalliya, tana kallon mai hoton kamar wadda ta daɗe tana jiran motar da ba ta da niyyar zuwa. Na san wannan kallon, kullum da safe ina ganinsa in ina aski. Kafin Juma'a na buɗe hoton nan ya fi sau talatin, har na gane akwai ɗan tabo a haɓarta. Ina son matar nan ta ce to. Shi ke nan abin da ya mayar da ni garin da na rantse ba zan sake shiga ba sai da baƙaƙen kaya.

Tafiyar awa uku ce. Tun ban ga tafkin ba hancina ya gaishe shi. Gari ya cika da baƙi, kowa da gajeren wando da jan wuya, suna hawa suna sauka a lungunan dutse, suna ɗaukar hoton ƙofofin da muke fitsari a bayansu muna yara. Dada na jirana a gindin tsohuwar bishiyar nan ta bakin kasuwa, da jakarta a hammata kamar mai zuwa kotu. Ba ta gaishe ni ba. Ta zagaye ni sau ɗaya, ta gyara min wuyan riga, ta lashi yatsa ta kwantar min da gira.

"Ka rame," in ji ta.

"Na ƙara kilo shida, Dada."

"A inda bai dace ba. Ungo."

Ɗan akwati ne, a ciki sarƙar lu'ulu'un garinmu, wanda baƙi ke rububinsa. Da ɓawon wani ɗan mitsitsin kifi ake shafe shi har ya yi wannan ƙyallin. A garin nan ko ado mace za ta yi sai kifi ya sa hannu.

Muna gangara tana ba ni karatu. "Tsohon nan abu ɗaya yake dubawa, yadda mutum ke cin kifi. Maza uku aka kai kafin kai, ba wanda ya koma. In na ga ka yamutsa fuska, Pande, a gabansu zan ja kunnenka."

"Ita Nevenar fa, me take dubawa?"

"Mace ta haura arba'in da biyar, miji ya mutu shekara shida, me za ta duba? Numfashi kawai."

Gidan Kawu Risto irin tsofaffin gidajenmu ne, ƙasa dutse, sama katako da farar ƙasa, kowane hawa ya turo ciki ya fi na ƙasansa, kamar ni a cikin kwat ɗin toka. Sai dai kafin ka kai matakala dole ka ratsa ɗakin ƙasa, inda suke gyara wa gidajen abincin bakin ruwa kifi. Bokitai uku cike da kayan ciki. Ɓawo ya manne a bango har tsayin kafaɗa, yana walƙiya. Ƙasa jiƙe da wani ruwan hoda mai yauƙi, takalmina yana cewa caɓ, caɓ. Kyanwa huɗu, kowace ta fi ni ƙoshin lafiya, suna jan hanji guda ɗaya ta ɓangarori daban-daban. Na ɗauke numfashi tun daga bakin ƙofa, na hau matakala goma sha bakwai ban shaƙa ba, na isa sama idona na ganin taurari. Tsohon ya ɗauka kunya ce.

"Ɗan Tase," ya ce, ya kama fuskata da tafukansa biyu. Masu karatu, tafukan nan sun shekara saba'in a cikin kifi. "Hancin ubanka sak. Zauna, ɗana, zauna."

Ɗakin tsaf yake. Farin leshi a kan tebur, a kan rediyo, a kan talabijin, da alama in ka daɗe a zaune kai ma za a shimfiɗa maka ɗaya a ka. Hoton waliyyi a kusurwa da 'yar fitilarsa. A bango hoton marigayi mijin Nevena, ya rungume wani ƙaton kifi yana dariya, irin rungumar da ban tabbata ita ta samu ba. Taga a buɗe, tafkin shimfiɗe shuɗi har gindin duwatsun Albaniya. Kyau kam akwai shi. Shi ma maciji yana da kyau.

Sai Nevena ta shigo da tire. Doguwar riga shuɗiya mai duhu da ƙananan fararen maɓallai har wuya, gashi a ɗaure baya, tabon haɓar nan yana nan inda na bar shi. Ta miƙo min cokalin zaƙin ɓaure da ruwan sanyi, yadda ake tarbar baƙo. Hannayenta jajaye ne, duk sun tsattsage, kuma ƙamshin lemon tsami ke tashi daga gare su, mai ƙarfi, kamar an yi wanka da shi.

"Sannu da hanya, Pande. An ce a hawa na tara kake."

"Na tara."

"Daga can ana ganin ruwa?"

Dada ta taka min ƙafa. Na ce, "Kaico, ba a gani. Abin da ya fi damuna ke nan."

Ta ce, "Uhm."

Na miƙa mata akwatin. Ta buɗe, ta duba, ta rufe. "An gode." Ta kai shi can bakin taga ta ajiye, ta dawo tana goge yatsu da gefen tire. Na ce a raina, mace mai kamun kai.

Aka kawo abinci. Gasasshen kifi ne cike da babban faranti, irin wanda hukuma ta ce a bar shi ya huta, wanda kowa a garin zai rantse maka daga wurin kiwo ya sayo. Kowanne da kansa da jelarsa, baki a buɗe, ido ya yi fari ya kumburo. Kawu Risto ya zaɓi mafi girma ya kwantar min. Kifin ya kalle ni, na kalle shi. Mun gane juna.

A gidajen masunta ba a juya kifi a faranti. Wanda ya juya kifi ya kife jirgin wani a tsakiyar ruwa, haka muka taso muka ji. In ka cinye saman, sai ka kama ƙashin bayan daga wajen jela, ka ɗaga a hankali ya taso gaba ɗaya, sannan ka ci na ƙasan yana kwance yadda aka ajiye shi. Ubana da bayan cokali ya koya min wannan, har yau in sanyi ya yi gaɓoɓin yatsuna suna tuna karatun.

Na fara ci, ina turawa da burodi, ina korawa da ruwa, ina karanta sunayen sassan lif a zuciya don kada in ji abin da ke bakina. Da na gama saman na ɗaga kai, sai na ga Nevena ta ajiye cokalinta. Ba fuskata take kallo ba. Hannuna take kallo, ko ƙiftawa ba ta yi.

Na ce, Pande, ga jarrabawar. Yau ko ka mutu.

Na ajiye wuƙa. Na sa yatsu biyu na kama jela, na ɗan murɗa, na ɗaga. Ƙashin ya taso ɗungurungum kamar matsefi, ko ƙaya ɗaya ba ta karye ba, ko tsoka ɗaya ba ta biyo shi ba. Shekara talatin da biyu rabona da yi, amma hannun ya tafi da kansa kamar jakin da ya san hanyar gida. Na kwantar da shi a gefen faranti.

Kawu Risto ya ciro hankici ya share ido.

"Lenche, kin gani? Tase ne ya dawo. Waɗancan ukun da aka kawo min, cakuɗa kifin suka yi kamar kaji a juji. Ɗaya ma da cokali ya ci." Ya matso da farantina, ya sa tsinin wuƙa ya ƙwaƙulo idon. "Wannan na babban baƙo ne. Buɗe baki."

"Kawu, ai ku ne manya..."

"Na ci nawa tun kafin a haife ka. Buɗe."

Na buɗe. Ba zan bayyana muku ba, don wataƙila wani yana karatun nan yana cin abinci. Abin da zan ce kawai, wajensa taushi ne, cikinsa kuma akwai wani ɗan ƙwallo mai tauri da ke gudu daga haƙori zuwa haƙori. Na haɗiye, na yi murmushi, hawaye na zuba. Dada ta ce, "Ya tuna ubanmu ne." Kafin a tashi daga tebur ƙasusuwa uku ne jere a gefen farantina, kowanne cikakke, tsohon yana nuna wa wani maƙwabci da ya leƙo ta ƙofa.

Nevena ta kwashe kwanuka ta fita da su. Da ta dawo ta riga ta ɗaura ɗankwali, jaka a kafaɗa.

"Da mota ka zo? Kai ni kan dutse."

Kan Galichitsa take nufi, dogon dutsen da ya tokare bayan garin. Dada ta kusa haɗiye harshenta don murna. Tun ban tayar da mota ba saƙonni suka fara sauka.

"Ka ce kana kewar gida."

"Ka ce za ka dawo nan da zama."

"Kada ka yi maganar lif."

Muka bi gefen tafki, muka wuce ƙauyuka da masu wanka, sannan hanya ta fara nannaɗewa sama, kwana bayan kwana. Kifaye uku da ido ɗaya suka fara taro a cikina. Nevena ta sauke gilashi ƙasa gaba ɗaya, ta jingina kai, iska na kaɗa bakin ɗankwalinta. Da muka wuce dajin muka fito fili, inda ba komai sai ciyawa da fararen duwatsu da ƙarar ƙararrawar tumaki daga nesa, ta ce in tsaya.

Muka taka zuwa wani tudu. Daga nan in ka juya dama ga tafkinmu, in ka juya hagu ga na Prespa, dutsen a tsakani kamar mai rabon faɗa. Garin ya koma ɗan farin tabo a bakin ruwa. Ta tsinko ganyen shayin dutse ta murza a tafin hannu ta kai hanci, ta ja numfashi har kafaɗunta suka sauka. Karon farko ke nan da na ga fuskarta ta saki.

Na ce yanzu ne lokacin. Na gyara kwat, na nuna tafkin da hannu kamar ni na haƙa shi.

"Nevena, shekara talatin da biyu ina birni, amma zuciyata tana cikin ruwan nan. Kullum da shi nake kwana. In Allah ya yarda, kuma in kin yarda, zan tattara in dawo. In taya Kawu aiki. Mutum ya tsufa a inda aka binne cibiyarsa."

Har muryata ta yi rawa a ƙarshe. Ni kaina na kusa yarda.

Ta dube ni. Sannan ta zubar da ganyen.

"Ka san me ya sa nake zuwa nan? Nan kaɗai ne warin ba ya isowa."

Na sauke hannun da nake nuna tafkin da shi, ta ci gaba.

"Tun ina shekara tara nake feɗe kifi. Na yi wa Baba, na yi wa mijina, ya mutu na dawo ina yi wa Baba. Lemon tsami biyar nake kashewa a hannun nan kowace rana, kuma in na kwanta ina jin sa a matashi. Ko loma ɗaya ba na ci, ba wanda ya taɓa lura. Da yayarka ta ce tana da ƙane da ya gudu tun yana sha tara, ba ya zuwa sai an yi mutuwa, na ce mata kawo shi. Hawa na tara, ba a ganin ruwa. Sati guda ina kwana da wannan maganar."

"Nevena..."

"Bari in gama. Waɗancan ukun ba su iya ba, amma ƙoƙari suke su iya, don su burge Baba. Na ce wa kaina, wanda duk ya manta da garin nan har ya juya kifi a teburinmu, Baba zai kore shi, ni kuma in ɗauki jakata in bi shi a baya. Jakar tana ƙarƙashin gado. Da ka gama saman nan, addu'a nake yi ka juya shi. Sai ka kama jela."

Jama'a, na taɓa maƙalewa awa huɗu tsakanin hawa na shida da na bakwai, ban ji abin da na ji a lokacin ba.

"Ƙarya nake yi," na ce. "Duk ƙarya ce. Na tsani kifi. Na tsani tafkin nan da duk abin da ke iyo a cikinsa. Ban shaƙi numfashi ba a matakalarku. Dada ce ta ce in faɗi haka, ga saƙon, duba."

Ba ta karɓi wayar ba. "Baki yana faɗin abin da aka aike shi. Ni hannu na kalla."

"Dukan cokali ne, ba ƙauna ba."

"Mijina ma haka ya ce kafin aure. Ya ce birnin Bitola za mu koma, nesa da tafkin, zai buɗe shagon takalma. Ka ga hotonsa a bango."

A daidai nan taron da ake yi a cikina ya tashi. Na ruga bayan wani dutse, na durƙusa da kwat ɗin toka, na mayar wa ƙasar haihuwata duk abin da ta ba ni. Tumaki biyu suka tsaya kallo, ɗaya ta matso ta sansana ta ja da baya. Na fito ina share baki, amma wallahi da farin ciki, kamar mai riƙe da takardar shaida.

"Kin gani?"

Ta miƙo min hankici da guntun lemon tsami daga jakarta. "Kowa yana amai a hanyar nan. Har limamin cocinmu, kuma shi ya fi kowa cin kifi."

Na tsotsi lemon. Iska na kaɗawa. Can ƙasa wani jirgin baƙi yana jan farin layi a kan ruwa.

"Tambaya ɗaya," in ji ta. "Kifin farko Baba ya sa maka, na gani. Na biyu yayarka ce. Na ukun fa?"

"Kawu ne mana."

Ta dube ni, irin kallon hoton nan. "Mu sauka, akwai aikin yamma."

Muka gangaro zuwa gari. Tun daga nesa ta ɗaga gilashi. A bakin lungunsu ta karɓi wayata, ta rubuta lambarta, ta miƙo min.

"Ba na son amsar yau. Ka koma hawanka na tara ka zauna ka tuna da kyau. In ka tabbata, ka kira ni ka faɗa min wanda ya sa maka. Jakar ba zan kwance ta ba sai Lahadi ta sama."

Ta shige ɗakin ƙasa. Na ga lokacin da ta ɗauke numfashi a bakin ƙofa.

Yau Alhamis. Dada ta turo saƙo goma sha huɗu, na ƙarshen yana cewa Kawu Risto ya sa an fara yi wa tsohon kwale-kwalensa fenti, wai surukinsa zai buƙata. Lambar Nevena tana nan, na buɗe na rufe har batir ya gaji da ni. Zan iya kira in ce tsohon ne, in nace, in rantse da kabarin ubana. Amma tana zaune a teburin, idonta a kan hannuna, kuma ku ma tunda kun biyo ni har nan bai kamata in rufe ku ba.

Lokacin da kifi na uku ya zo farantina, Kawu Risto ba ya wurin, ya tashi ɗauko kwalba. Ni na miƙa hannu na ɗauka.